Babban Yatsa

Da babban yatsa na shiga kaso.
Ban haura katanga ba, ban zare wuƙa ba.
Ina sayar da esansi a kwalba bakin hanyar Ɗan Isa,
maigidana ya miƙo takarda, ya ce ta lissafi ce,
dangwala nan, Ilu, rana tana yi.
Na dangwala.
Ashe duro sha biyu na ɗora wa kaina
da yatsa guda.

Ɗakin mutum ashirin ne, mu sittin da 'yan kai,
a ɗaure kamar zangarniya cikin dami.
In ɗaya zai juya, sai ya nemi izinin huɗu.
Dare a can ba ya tafiya, jan gindi yake.

Ran Laraba yake zuwa.
Mushe Tankari, tsohon malamin lakkol,
da kekensa mai kuka kamar akuyar da aka raba da ɗa,
da guntayen alli cikin gwangwanin tumatir,
da takardar buhun siminti da ya yanka da reza.
Bai iya lallashi ba.
Ya ce, ban zo jin tausayinku ba, gwiwata ma ciwo take.
Kai, mi sunanka?

Ya ja layi ɗaya a bango, tsaye kamar taɓarya.
Ya ja wani mai ƙafa.
Ya zana na uku kamar bakin turmi.
Ya ce, ga ka nan.
Shekara ashirin da shida ana kirana,
ran nan na fara ganin abin da ake kira.

Littafi ɗaya gare mu, ba bango, ba farko,
kan cututtukan awaki yake magana.
Mun karance shi har ya yi laushi kamar tsumma.
Nomau, da aka kawo kan rikicin iyakar gona,
ya haddace babin zawo kaf,
yana rera shi da dare har gardi ya buga ƙofa.
A nan na fara dariya tun da aka rufe ni.

Wata na tara na roƙi takardar shari'ata.
Ya zauna gefena yana juya mini nasarancin,
ni ina bin baƙaƙen da farce.
Da muka kai ƙasa, ga yatsana, shuɗi, ya baje,
yana ba da shaida a kaina.
Na ce, Mushe, yanzu za su sake ni?
Ya ce, a'a. Kwananka sai ka cika su.
Amma ba mai sake sayen yatsan nan da araha.
Na yi fushi, Laraba biyu ban fito ba.
Ta uku ya aiko da alli, ba saƙo.

Na fita da damina, Gulbi ya kawo ruwa har gadar.
Ba aiki ya tare ni ba, bashi ne.
Yanzu ina da tebur mai ƙafa uku da dutse
kusa da tasha, ƙarƙashin bedi.
Dala ashirin wasiƙa. Karatun takarda kyauta,
in dai kafin a dangwala aka kawo.

Shi kuwa yana ta rufe masa ido.
Ran Laraba nakan tafi Bagalam,
in same shi a zaure, keken na jingine ba iska.
In karanta masa takardar magani, da ta fansho,
da wasiƙar 'yarsa Zuwera daga Tawa.
In na yi tuntuɓe, sandarsa na taɓa ƙafata:
koma baya, ka haɗiye wasali.

Sai in koma.
Babban yatsana na danne gefen takardar
kada iska ta ɗauke.